Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Dusar Ƙanƙara

Hajiya Dusar Ƙanƙara,
Saman Rufinmu,
Jihar Minisota, Amurka.

Hajiya, barka da hutawa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka lafiya, ko da yake tambayar ɓata baki ce, tun da duk unguwa ta shaida saukarki, kuma har yau ba a ga alamar kina ɗaure kaya ba. Na so in hau in same ki mu yi maganar nan baki da baki, sai uwargida ta ɓoye tsani, ta ce ita ba ta shirya shiga takaba ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu dai a wurinmu baƙo raɓa ne, ya kwana ya tashi. Ke kuwa kin sauka tun Nuwamba, kuma na ji 'yan gari suna cewa kada in sa ran tafiyarki kafin Maris, wata shekarar ma har Afrilu. Ba ki nemi ɗakin baƙi ba, ba ki nemi tabarma a zaure ba, saman kanmu kika zaɓa kika miƙe ƙafa. Da ruwan sama ne, da ya yi sallama da tsawa, ya buga kwano kowa ya ji, ya bi indararo ya kama gabansa. Ke ko tari ba kya yi. Mutum ya kwanta rufinsa wayam, ya tashi ya tarar kin haye da farin mayafinki, yara na tsalle, sababbin zuwa irinmu na ɗaukar hoto ana tura wa 'yan gida a WhatsApp, su kuma suna cewa, "Kai, kuna shan daɗi!"

To Hajiya, na zauna na yi lissafinki, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba. Ranar da kika sauka, in aka cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya da ke, da ƙyar ki kai kilo 100. Wannan ita ce fuskar da kike nuna wa jama'a. Da kin kwana biyu kin danne kanki sai ki koma kilo 200 zuwa 300. In kuma aka yi rashin sa'a rana ta ɗan leƙo, ko aka yi yayyafi a kanki kika sha kika ƙoshi, sai ki doshi 500. Abin haushin shi ne a lokacin ne tsayinki ke raguwa, mai gida ya ɗaga kai ya ce alhamdu lillahi ta fara tafiya, alhali ƙiba kika ƙara. Rabin mita kawai na wadda ta zauna ta daddanne, kilo 150 ne a kan kowane murabba'in mita, wato buhun siminti uku. Rufi mai mita goma kowane gefe yana ɗauke da tan 15 ke nan, buhu 300, rabin lodin tirela. Wane mai hankali ne zai bari a jibge masa wannan a kan rafta, ya shiga ƙarƙashi ya ja bargo? Ga shi mu muna yi kullum, har da minshari.

Kuma ba kya zama daidai wa daida. Ke da ƙawarki iska kun ƙulla: ita ta kwaso ki daga wannan gefe ta tara a wancan, a bayan bututun hayaƙi, ko a kan ƙaramin rufin gareji da ke jingine da babban gida, wanda dama shi ne mai ƙaramin ƙarfi. Ɗumin hita ya narkar da ƙasanki, ruwan ya gangaro bakin rufi ya sake daskarewa, ya toshe hanya, na bayansa ya rasa mafita ya koma ta cikin silin. Ƙofar banɗakinmu da take rufuwa lafiya lau, yanzu sai an sa mata kafaɗa. Da dare akwai wata 'yar ƙara da katako ke yi, ƙas, sai shiru, can kuma ƙas. Na kira mai gidan haya, ya ce in kwantar da hankalina, gidan ya girmi ubana. Ai abin da ya hana ni barci ke nan.

Kada ki ce sharri nake miki, 'yan garin nan ma sun san halinki. Ranar 12 ga Disamba 2010, da asuba, kin zauna a kan Metrodome, katafaren filin wasan Miniyapolis mai rufin tamfol da iska ke riƙe da shi. Tsayinki bai wuce santimita 43 ba, amma kika yage shi, kika zubo tsakiyar fili kyamara na kallo. Allah Ya sa babu 'yan kallo a ciki. Da suka rushe shi suka gina sabo, sai suka karkata rufin yadda ko kin zo sai dai ki zame. Wannan ai kora da hali ce, in kina da kunya.

A wasu wuraren ba a yi wannan sa'a ba, kuma a nan dole in ajiye wasa. Daren 28 ga Janairu 1922, a birnin Washinton, mutane na kallon fim ɗin ban dariya a silimar Knickerbocker bayan kin yi kwana biyu kina zuba, rufi ya rufto, rai 98 suka tafi. Shekara 84 cif bayan nan, a rana mai wannan kwanan wata a 2006, kika sake a ƙasar Folan, a zauren baje koli na Katowice. Masu kiwon tattabaru ne suka taru daga ƙasashe daban-daban suna nuna tsuntsayensu, bayin Allah da ba su tare wa kowa komai ba. Mutum 65 ba su koma gida ba. A farkon wancan watan dai, ranar 2 ga Janairu, rufin wurin wasan zamiya na garin Bad Reichenhall a Jamus ya rufto ya kashe mutum 15, kuma 12 daga cikinsu yara ne.

Na san abin da lauyanki zai ce, kuma yana da hujja. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Jamus ɗin nan, masu bincike sun auna sun ga nauyinki bai wuce abin da aka ce rufin zai ɗauka ba. Katakan da ke riƙe da shi da gam aka harhaɗa su, irin gam ɗin da ba ya shiri da laima, shekara da shekaru danshi na cinsa ba wanda ya hau ya duba. A Katowice, rufin ya taɓa lanƙwasawa tun 2002, aka yi masa kwaskwarima aka ci gaba da karɓar kuɗin haya, daga baya kotu ta ɗaure wasu daga cikin masu zayyana ginin da masu kula da shi. A Washinton ma an samu ƙarafan rufin ba su zauna da kyau a kan bango ba. Na yarda, sau da yawa ke kike zuwa a ƙarshe ki tona asirin injiniyan da ya rage ƙarfe da manajan da ya ji kuɗin masu shebur sun yi yawa, sai jarida ta buga sunanki a sama, nasu a can ƙasa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Amma akwai laifin da babu injiniyan da za ki raɓa wa. A Japan, a hunturun 2005 zuwa 2006, mutum 152 suka rasu ta dalilinki, kuma mafi yawansu ba rufi ne ya danne su ba. Wajen kwashe ki suka mutu: wani ya zame daga sama, wani tsani ya kife da shi, wata kina sulɓowa gaba ɗaya kika binne ta a ƙofar gidanta. Kusan kashi biyu cikin uku sun kai shekara 65 ko sun haura, tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi birni neman abinci suka bar su da shebur. Wato in an bar ki ki karya gida, in an hau korarki ki karya mai gida. Kakanninsu na ƙauyen Shirakawa sun fi kowa gane ki, su da suka yi jinka mai tsini ƙwarai don kada ki sami wurin zama mai daɗi, amma su ma ba su tsira daga hawa ba.

Saboda haka ga shawarar da muka yanke a gidan nan, ina sanar da ke don kada ki ce an yi miki ba-zata. Na sayo doguwar manjagarar nan ta jan ƙanƙara, wadda mutum ke tsayawa a ƙasa ya miƙa ta sama. Gobe bayan sallar asuba zan fara da bakin rufi da kan gareji, ina ja kaɗan-kaɗan ta kowane gefe, ba zan kuma tsaya a inda za ki faɗo ba, na san ki. Can ƙololuwa kuwa aikin masu igiya da ɗamara ne, na kira su, kuma rasit ɗin zai tafi wurin mai gidan haya ko yana so ko ba ya so. In ƙarar katakon nan ta ƙaru kafin su iso, za mu kwashi yara mu kwana gidan maƙwabta, ki zauna ke kaɗai ki ji in da daɗi.

Roƙona ɗaya ne, don girman Allah: ga filin ƙwallon yara, ga tafkuna sama da dubu goma a jihar nan duk sun daskare suna jiran ki, ga gonakin da manoma ke murna in kin lulluɓe su. Ki sauko ki zaɓi wanda ya yi miki. Rufin nan na haya ne, kuma akwai mutane a ƙarƙashinsa.

Wassalam.

Ni ne naki,
Ɗan hayan da ke kwana ƙarƙashinki.