Taubashi, Bar Gurbin Nan Yadda Ka Gan Shi

Taubashi, gaisuwa irin ta ubangida ga bawansa. Gwaggo ta kawo mini ƙararka: wai tun da ka sayi babbar waya ka daina barci, kullum kana kwance kana ƙyalƙyala dariya kai kaɗai a kan wani tsohon shirin talabijin na Ingila. Har tana shawarar a nemo mai ruƙiyya. Na ce ta kwantar da hankalinta, aljani ba ya ɓata lokacinsa a kanka. Sai kuma na ji wadda ta fi, wai kana zagaya tashar Illela kana neman masu zuba jari, za ka kafa irin shirin a garin nan, kuma kai ne mai gabatarwa.

Bari in yi wa masu karatu bayani, tunda kai in ka fara bayani sai an kira sallar isha. Sunan shirin Blankety Blank. BBC ta fara shi a 1979, ita ma aro ta yi daga wani shirin Amurka mai suna Match Game. Mai gabatarwa zai karanto jimla ya bar gurbi a cikinta, ɗan takara ya cike, a duba ko amsarsa ta zo ɗaya da ta wasu fitattun mutane shida da suka rubuta tasu a kati. Da gangan ake gina jimlar yadda zuciyar mai sauraro za ta riga shi zuwa inda bai kamata ba. A ce: "Amarya ta ce wa ango, tun da ka shigo ɗakin nan ban ga ka taɓa ...... ba." Kafin kowa ya buɗe baki zaure ya ɗauki dariya. Sannan ɗan takara ya sunkuyar da kai ya ce "tuwo", kowa ya tafi gida da mutuncinsa. Babu wanda ya faɗi batsa. Wanda ya ji ta, shi ya zo da abarsa.

Terry Wogan ne ya fara riƙe shirin. Les Dawson ya karɓa daga 1984 zuwa 1990, rabin aikinsa zagin kyaututtukan da ake rabawa, don kuwa tarkace ne. A 1997 aka kawo Lily Savage, wadda a gaskiya namiji ce mai suna Paul O'Grady, ya sha gashin kanti da jan baki, yana harara yana karairaya, bakinsa ba ya barin kowa. Kafin shi akwai Larry Grayson, da ya karɓi shirin Generation Game a 1978, yana rangwaɗa yana ɗaga gira, yana cewa a rufe ƙofar nan, miliyoyin Turawa suna riƙe ciki. Mu nan an faɗa mana wannan magana a Agustan 2019, ba a buɗe iyakar ƙasa ba sai Disambar 2020, aka sake faɗa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, kuma ban ga wanda ya yi dariya ba tsakanin Illela da Konni.

To, wa za ka sayar wa wannan haja? Abin da Bature ya gina wa zaure, ya kunna wa fitilu, ya biya albashi, mu nan kyauta ake raba shi. Shiga kara ranar Lahadi ka tsaya bayan dillali. Mai saye ya tambayi lafiyar sa, dillali ya shafa tozo ya ce, "Lafiya lau, Alhaji, wanga ai ko noma ko layya," ya yi shiru. Wanda ya san kara ya gane an ce masa kada ya sa ran maraƙi. Wanda bai sani ba ya biya, har da la'ada. Je wajen 'yan canji ka ji yadda ake cinikin jika da naira da rabin magana. Tambayi direban da ya fito daga Konni me ya ɗauko, ya ce maka "kayan nan", kai ma ka ce "to madalla", ku rabu kowa ya fahimci kowa.

Rangwaɗar da ta ruɗe ka kuwa, sai ka ce ba ka taɓa cin abinci a tasha ba. Tun kafin a haifi O'Grady 'yan daudu ke zuba shinkafa suna tafa hannu suna yanka mutum da habaici, ba ya ganewa sai ya isa gida ya cire hula. Kishiyoyi kuma sun wuce nan. Uwargida ta kori kaza a tsakar gida tana cewa, "Ke dai ba ki da aiki sai tono a ƙofar ɗakin mutane," amarya tana ɗaki ta aje tsintsiya. In ta tanka, ta amsa sunanta. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Dokar wasan ke nan tun kaka da kakanni: mai jifa ba ya kiran suna, mai ji ba ya nuna ya ji.

Nan ne fa matsalarka take, bawana. Kai ne mutum ɗaya tilo da na sani wanda ba ya iya ganin gurbi ya wuce. Ka tuna bikin dattijon nan na unguwarmu da ya auro yarinya sa'ar jikarsa? 'Yan gambara suka zo, mai kiɗa ya dubi ango ya ce Alhaji ya sayi sabuwar mota, ga fenti ga taya, sai dai ana tsadar mai. Manya suka rufe baki da hannun riga. Mata suka juya baya kafaɗu suna rawa. Shi kansa ango ya yi murmushi ya ciro kuɗi ya liƙa, don ya san an yi masa aski ba a zubar da jini ba. Sai ga ka, ka miƙe tsaye, ka ɗaga hannu ka ce, "Jama'a, wato abin da yake nufi shi ne..." Kuma ka faɗa. Duka. Da misalai. Kawunka, wato mahaifina, bai sake zuwa biki a unguwar ba sai da damina ta wuce. Mai gambara da kansa ya ajiye ganga ya ce shi dai ba haka ya faɗa ba, kuma gaskiyarsa.

Yanzu wannan bakin ne za a miƙa wa makirfo? Ina ganin daren farko: ka karanto jimlar amarya da ango, ka iso gurbi, ka dubi 'yan takara, ka ga sun yi jinkiri, tausayi ya kama ka, ka cike musu da kanka. Kafin a karanto ta biyu limamai sun samu huɗubar Juma'a, Gwaggo kuma ta daina zuwa suna.

Amma kada ka ce ubangidanka bai nema maka mafita ba. A shirin Turawan, wanda ya faɗi ba ya tafiya hannu rabbana, ana ba shi littafin caki da alƙalami na ado, abin da ba ya ciro ko sisi. Wannan kujerar taka ce, ba mai ja da kai. Na riga na yi magana da mai shayin bakin tasha, ya ce littafi da biro suna nan, sunanka ma ya cika shafi uku, kuma shi a nasa lissafin bai bar gurbi ko ɗaya ba. Ka biya ta wurinsa kafin Lahadi, don da sassafe nake son ka zo ka riƙe mini igiyar rago zuwa kara. Dillalin da zai sayar mini ya yarda ka zo, da sharaɗin ka tsaya nesa da masu saye.