Sarki Mai Taku Ɗaya

Ɗan ƙanwata, mai shekara tara, shi ya koya mini ces. Na zauna da gadara, ni da ake shakkata a dara. Gidaje 64, kowa da 'ya'ya 16. Na ce ai wannan wasan yara ne.

Sarki ne ya fara ɗaure mini kai: duk girman rawaninsa taku ɗaya yake yi, sarauniya kuwa ta karaɗe fili yadda ta ga dama. Doki ma ba ya tafiya miƙe, sai ya sha kwana kamar ɗan acaɓa.

Motsi huɗu kacal, yaron ya ce, "Kawu, sarkinka ya mutu."

Na ce a sake, shayi nake sha.