Wasiƙa Zuwa ga PlayStation ta Shida, Amaryar da Ba a Haifa Ba

Daga Zongo, Damagaram

Ƴar gidan Sony,

Da fatan kina lafiya a duk inda kike, ko a takardar injiniya ko a bakin masu hasashe. Na san riga malam masallaci na yi, tunda har yau iyayenki ba su yanka ragon sunanki ba. Mu ne dai muka ƙirga yayyenki biyar, muka ce ke ce ta shida. To amma labarin kyanki ya riga ki shigowa gari, har an fara ɗaga murya a kansa a fadar shayin da ke ƙofar shagona, shi ya sa na ga gara in rubuto tun da wuri, ki san gidan da za a kawo ki.

Ni mai gidan wasa ne. Ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, benci uku, tele uku, da wata fanka mai ƙara kamar tana bina bashi. Yayyenki uku na hannuna. PS2 ce uwargida, PS3 ta tsakiya, PS4 kuwa ita ce amarya har yanzu, duk da ta fara furfura. Kin ga saura ɗaki guda, dole in yi bincike a tsanake. Yayarki ta biyar ban ko kai gaisuwa gidansu ba. Sau ɗaya na gan ta a Kano cikin gilashi, na ɗaga mata hannu daga nesa, na wuce.

Ɗan ƙanwata da ke jami'ar André Salifou shi ne marokinki a unguwarmu. Kullum da yamma sai ya zo da waya a hannu: "Kawu, an ce za ta fito 2027." Washegari: "Kawu, an ce sai 2028." Ya ce za ki zuba hoto 120 a kowane sakan, a ma'aunin 4K, kuma za ki riƙa bin sawun haske ɗaya bayan ɗaya, har a ga inuwar gola a cikin ruwan da ya kwanta a fili. Na ce wa ya gan ta? Ya ce ba wanda ya gan ta, amma wani ya ji daga wani da ke kusa da masu ƙera cikinta. Na ce ai haka ake auren da ke mutuwa kafin arba'in.

Abin da dai ya tabbata, a watan Oktoban 2025 Mark Cerny, wanda ya tsara yayyenki biyu na baya, ya zauna gaban kyamara da wani babba na kamfanin AMD, suka yi bayanin sababbin dabarun da suke haɗawa, ya ce za a gan su a wata na'ura nan da ƴan shekaru. Bai faɗi suna ba, bai faɗi rana ba. Daga wannan ɗan ƙulli na gishiri aka dafa tukunya ɗari.

Kada ki ɗauka baƙauye ne ni a lissafi. Na sa yaron ya zaunar da ni. Hoton 1080p ɗigo miliyan biyu ne da ƴan kai. Na 4K ya ninka shi huɗu, miliyan takwas da dubu ɗari uku ba kaɗan. Na 8K ya sake ninka wannan huɗu, sama da miliyan 33. Kuma in ana son hoto 120 a sakan, kowane hoto sai an zana shi an gama cikin kashi takwas na dubun sakan. Ko ɗinkin sallah ba a yi wa tela irin wannan matsi.

A nan ne nake so ki saurare ni da kyau, don mun taɓa jin irin wannan kirari. Ranar da yayarki ta biyar ta fito, a Nuwamban 2020, an buga 8K ɓaro-ɓaro a jikin kwalinta. Shekaru suka wuce, wasannin da ke nuna wannan 8K ɗin ba su cika tafin hannu ba, sai a 2024 aka wayi gari tambarin ya ɓace daga sababbin kwalaye, shiru, kamar baƙon da ya tafi kafin asuba. Kuma ko da an cika alkawarin, ido yana da iyaka. Tele mai inci 65, kafin mutum ya rarrabe ɗigon 8K sai ya matso kusa da ita bai fi kamu ɗaya da rabi ba. Nawa kuwa inci 32 ne, yara na kallo daga kan benci, na baya ma ta saman kan na gaba.

Sai kuma sirrin da yaron ya tona mini, wanda ya sa na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Ashe yawancin 4K ɗin nan ba a zana shi duka. Ana zana hoto ƙarami, sai wata ƙwaƙwalwar na'ura ta cike sauran da kintace. Na PS5 Pro sunansa PSSR, na Switch 2 da Nintendo ta fitar a Yunin 2025 sunansa DLSS. Har akwai dabarar da ke ƙirƙiro hoto sukutum ta cusa tsakanin biyu na gaske, don adadi ya ƙaru. Ƴata, wannan ai mun san shi tun kakanni. In nono ya yi kaɗan a ƙwarya, a ƙara ruwa, a kaɗa da garin kwalba don ya yi kauri. Ban ce ba daɗi ba. Wani sa'in ma ya fi shiga da fura. Abin da nake roƙo, ranar tallarki a faɗa mana nawa ne nonon, nawa ne ruwan.

In kuma zaɓi za ki ba ni tsakanin yawan ɗigo da santsin tafiya, na zaɓi santsi tun yanzu. Shi kansa Cerny ya faɗa a Satumban 2024 cewa in aka ba masu wasa zaɓi, kusan sau uku cikin huɗu saurin hoto suke ɗauka su bar ƙawa. Ni ban buƙaci ya faɗa ba. Akwai wani yaro mai koyon gyaran babur da ke zuwa mini bayan la'asar, hannu duk baƙin mai. Bai san ana ƙirga hoto ba. Amma ranar da na sa masa wani wasa mai hoto 30 bayan ya saba da na ƙwallo mai 60, minti biyu bai yi ba ya ajiye manet ya ce: "Baba, wannan ta yi nauyi, kamar babur ɗin da ya sha ruwa." Yatsa na jin abin da ido ba ya ƙirgawa.

An ce mini babban abin da ake yaƙi da shi a garinku shi ne jinkiri, wato ɗan lokacin da ke tsakanin danna maɓalli da ɗaga ƙafar ɗan wasa. Tazarar da ke tsakanin hoto da hoto, kashi talatin da uku na dubun sakan, ake son a mayar goma sha shida, goma sha shida a mayar takwas. Madalla. Ga namu jinkirin. An haifi uwargida a 2000, ta shigo shagona 2008. An haifi amarya a 2013, ta tare 2021, bayan ta yi aure biyu a Turai, ɗaya a Kano, ta iso ta Magarya cikin buhu tsakanin tukwane da takalman gwanjo. In aka bi wannan lissafi, ke sai wajen 2036 za mu ga ƙeyarki. Yaron da zai fara cin ƙwallo da ke yanzu haka yana goye a bayan uwarsa. Ban yi fushi ba. Garin ayari ne nan. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa har aka ƙera masa igwa a cikin gari, kayan Tarabulus watanni suke yi a bayan raƙumi kafin su sauka a Zongo, kuma ba a fasa ciniki ba. Ko babban birnin ƙasa da aka ɗauke mana aka kai Yamai a 1926 mun haƙura, balle ke.

Yanzu ga sharuɗɗan gida.

Na farko kuran, wato wutar lantarki. Mu Damagarawa kuran biyu muka sani. Akwai Amadu Kuran Daga, wanda ya tsaya wa Faransawa a Tirmini a 1899. Akwai kuma kuran da ke zuwa mana ta waya daga wajen Katsina, shi wannan ba ya tsayawa kowa. Lokacin da Najeriya ta yanke shi a Agustan 2023, bayan juyin mulki, har sai da aka janye takunkumi a Fabrairun 2024, na san wace ce matar rufin asiri a gidana. Uwargida da ɗan pano na sola da batirin mota ta wuni tana aiki. Yayarki ta biyar an ce wat 200 take ci in wasa ya yi zafi, wato ita kaɗai ta cinye abincin uwargida huɗu ko biyar. Matatar mai na nan bayan gari tun 2011, amma ba ta taɓa aiko mini da lita ɗaya kyauta don gurup, wato janareta, ba. In cikinki ya fi na yayarki girma, ki taho da tuwonki.

Na biyu zafi. A takardar da ke zuwa da yayyenki an rubuta a yi amfani da su tsakanin digiri 5 da 35. Na karanta na duba rufin kwanona. A watan Afrilu da Mayu nan garin 40 muke wucewa, ƙadangare ma neman inuwa yake. Ta tsakiya in azahar ta yi sai ta ɗau huci kamar jirgin Makka zai tashi, dole in ɗora ta kan bulo biyu, in juya mata fankar, mu mutane mu sha gumi. Hunturu kuwa in ya taso da ƙurar Bodele daga Cadi, duk sati sai na kwance su na bi da burushin haƙori. Ranar nan abin da na fitar daga cikin amarya ya isa a shuka gyaɗa.

Na uku, ki zo da bakin faifai. An ce PS5 Pro da ta fito a Nuwamban 2024 ba ta da shi, sai an saya daban, alhali kuɗinta a Turai lokacin da ta fito yuro 800 ne ba kaɗan. Da sefa jikka 524 ke nan da ɗoriya, albashin mafi ƙarancin ma'aikaci na fiye da shekara guda, tunda jikka 42 ne a wata. Ni kuwa dala ashirin nake karɓa a wasa ɗaya, wani ma sai ya ce in ya ci zai biya. Faifai ana aro, ana musaya, ana goge shi da gefen riga. Wasan da sai an sauko da giga ɗari daga intanet, sannan ya ce a jira gyara kafin a taɓa shi, wannan forfe ɗin wa zai ci?

Manet ɗinki kuma a yi shi da ƙarfe in da hali. Yatsun yaranmu ba na Tokyo ba ne, da su ake jan guga.

Daren jiya aka yi wasan ƙarshe na gasar unguwa, a kan uwargida, da PES 6 na 2006. Fuskokin ƴan wasan kamar an sassaƙa su da gizago, ciyawar fili kamar tabarma. Mutum ya kai talatin a ɗakin, wasu ta taga. Ana minti na 88, ɗaya da ɗaya, wani ɗan kabu-kabu ya yanke gola, ya ɗaga ƙafa, sai ɗif. Duhu. Hoto sifili a sakan. Har yanzu da nake rubutun nan rabin unguwa na rantsuwa ƙwallon ta shiga, rabi na cewa turke ta buga, kuma kowa ya ce da idonsa ya gani. In masu kintacen nan da ke cikinki za su iya zano mana wannan hoton guda ɗaya da ya ɓata, to ki turo shi tun yanzu ta hannun direban Kano, ni zan biya kuɗin mota, don rigimar ta kai gaban mai unguwa.

Ki gaida Cerny. Ki ce masa ɗakin na nan, na sa an share, amma na ɗan ajiye buhunan gawayi a ciki kafin ki iso.

Naki,
Mai gidan wasa na bayan tasha