Ire-iren Masu Babur a Bakin Iyaka

Babur ɗin jeji, wato dogon nan mai tayoyi masu manyan haƙora irin wanda malaman gona da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ke hawa, kamar Yamaha DT da AG da Honda XL, an ƙera shi ne don ratsa rairayi da kwazazzabo da gonar da aka yi wa huɗa. Abin da ke tsayar da shi cak bai wuce gorar da aka gitta a bakin iyaka ba, da mutum ɗaya zaune a inuwa da hatimi a gabansa.

Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, kuma manyan mashigunta sun haɗa da Illela zuwa Birnin Ƙonni, Jibiya zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, Kwangwalam zuwa Matamai da Damagaram, da Kamba zuwa Gaya. Takardun da ake nema a wuraren nan kashi biyu ne. Na mahayi su ne fasfo ko wata shaidar tafiya da aka amince da ita, katin allurar shawara, da lasisin tuƙi rukunin A. Na babur kuwa su ne takardun rajista da na mallaka, waɗanda a Najeriya ake haɗe su a ce fatikula, a Nijar a ce kartigiris. Sai inshorar da ke aiki a ƙasar da za a shiga. Sai takardar shiga ta wucin gadi, wato lesefase, wadda kwastan ko duwan ke bayarwa a kan alƙawarin cewa babur zai fito kamar yadda ya shiga, ba za a sayar da shi a can ba. Kowace takarda tana da irin mutanen da take tona wa asiri, kuma ana iya karkasa su kamar haka.

Mai Jakar Leda

Wannan shi ne wanda ya yarda ba a fafe gora ranar tafiya. Takardunsa suna cikin leda, ledar tana cikin wata leda, an ɗaure su da kyauron roba a cikin rigarsa. Kowace takarda tana da kwafi uku. Idan aka ce ya kawo lasisi, yakan miƙa lasisi da takardar haihuwa da shaidar gama firamare da katin zaɓe, har da rasit ɗin madubin da ya canza bara. Jami'i kan ɓata rabin sa'a yana neman takarda ɗaya a cikin arba'in. Ba a taɓa samun sa da laifi ba, amma duk wanda ke bayansa a layi ya riƙe shi a zuciya.

Ɗan Gida

Ana gane shi da mamakin da yake yi idan an tambaye shi fasfo. Mahaifiyarsa 'yar Maraɗi ce, matarsa 'yar Madarumfa, gonarsa kuma layin iyaka ya ratsa ta tsakiya. Hujjarsa ta tarihi ba ta da makusa: sarautar Maraɗi reshen tsohuwar sarautar Katsina ce da ta kafu a can bayan jihadi, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi, iyakar kuwa Turawan Ingila da na Faransa ne suka auna ta tsakanin 1906 da 1908, suka kafa mata duwatsu 148, ba tare da sun shawarci kakansa ba. Jami'ai kan saurare shi da girmamawa, sau da yawa ma akan tarar ɗayansu surukinsa ne. Matsalar ita ce zumuncin bai shafi babur ba. Shi ɗin ɗan gida ne, amma Yamaha ba ta da kawu a Maraɗi.

Lauyan Bakin Iyaka

Ya taɓa jin labarin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 a rediyo, wadda ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna su zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, kuma tun daga ranar bai sake yin shiru ba. Yakan tsaya da hannu ɗaya a ƙugu yana yi wa jandarma darasi. Abin da rediyon bai kai ga faɗa masa ba shi ne sashe na 5 na wannan yarjejeniyar da kanta ya shar'anta wa mai abin hawa ya nuna lasisi da shaidar mallaka da inshora da takardar kwastan, wato daidai abubuwa huɗun da ya baro a gida. Ba kasafai kuma yake tuna cewa Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025 ba. Darasin yakan ƙare ne idan aka nuna masa benci.

Mai Takardar Cinikin Kasuwa

Nan ne aka fi samun cunkoso, domin babur ɗin jeji ba kasafai yake zama a hannun mutum ɗaya ba. Wata ƙungiya ta yi gwanjonsa, direbanta ya saya, ya sayar wa bakanike, bakanike ya yi musanye da wani mai injin ban ruwa. Abin da ya iso hannun mai shi na yanzu shi ne fallen littafin makaranta da aka rubuta cewa wane ya sayar wa wane babur ja a gaban shaidu biyu, da dangwalen yatsa da man birki. Babur ɗin kuma yanzu shuɗi ne.

Jami'in kwastan ba ruwansa da launi. Lamba yake nema, wadda aka buga a wuyan firam, mai haruffa da alƙaluma 17 a baburan zamani, da kuma ta jikin inji, su yi daidai da abin da ke takarda. Sai a tarar mai babur a durƙushe yana kankare laka da tsinke, yana karantowa da ƙarfi, jami'i yana girgiza kai. A ƙarshe mai babur yakan tuna cewa an taɓa canza injin bayan ya buga. Wani ma babur ɗinsa bai taɓa ganin ofishin rajista ba, don a cewarsa abin da ba ya hawa kwalta me zai yi da lamba. Irin wannan ya fi kowa shan tambaya, domin a yankunan da 'yan bindiga suka addaba, babur marar lamba ba abin wasa ba ne a idon jami'an tsaro, har an kai ga hana hawan babur na tsawon lokaci a sassan Diffa da Tilaberi.

Mai Aro

Takardunsa cikakku ne, sai dai duk da sunan yayansa. Ƙa'ida ita ce ya zo da takardar izini mai sa hannun mai babur da hatimin hukuma, amma shi abin da ya zo da shi waya ce. “Yallaɓai, ga shi nan ku yi magana,” in ji shi. Wayar a kashe take. In ta shiga, amsar farko daga can ita ce: “Kai, Nijar kuma? Ba gona ka ce za ka ba?” A kansa aka yi karin maganar zanen aro da katara.

Mai Gudun Allura

Mutum ne da zai haura tudun rairayi a guje da taya ɗaya a sama, amma ganin sirinji yana sa shi zufa. Katin shawara mai ruwan ɗorawa shaida ce ta allura guda, wadda ke fara aiki bayan kwana 10, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗayar ta isa har ƙarshen rayuwa. Duk da wannan rangwame, shi ya gwammace ya nuna tabon lambar da aka yi masa a dantse yana jariri, ya ce a duba da kyau.

Mai Tawakkali

Shi da inshora ba sa ga maciji. An kafa tsarin katin inshora mai launin ƙasa-ƙasa na ECOWAS a 1982, don wanda aka buge a wata ƙasa da abin hawan baƙo ya samu diyya. Idan aka tambaye shi katin, sai ya nuna rubutun da ke jikin madgadi, inda aka rubuta cewa Allah ne mai tsarewa. Ba wanda ke musa masa. Akan dai yi masa bayani cewa katin ba don tsare shi aka yi ba, don akuyar mutane aka yi shi da mai tallan fura da ke gefen hanya.

Bature Ɗan Yawon Duniya

Yana isowa da ƙura har gira, babur ɗinsa ɗauke da akwatunan ƙarfe manne da tutocin ƙasashe. Jikan masu tseren Dakar ne a buri, tseren da ya tashi daga Paris a Disambar 1978 ya ratsa ta Agadas, wanda Cyril Neveu ya fara cinyewa a kan Yamaha XT500. Abin tinƙahonsa shi ne karne, littafin nan na kwastan da ƙungiyoyin masu motoci ke bayarwa na shekara guda, bayan mutum ya ajiye kuɗin jingina a ƙasarsu. Kowane shafi kashi uku ne: ana yage ɗaya a shiga, ɗaya a fita, na ukun ya zauna da hatimai biyu. Yana lallaɓa littafin kamar jinjiri, kuma shi kaɗai ne matafiyin da ke roƙon a ƙara duba takardunsa. Hausarsa kalma biyu ce, sannu da na gode, yana kuma amfani da su a inda ba su dace ba.

Ɗan Kamasho

Ba shi da babur, ba ya zuwa ko'ina, amma ya fi kowa yawan kai da komo. Kafin inji ya mutu ya riga ya karɓe takardu yana cewa “Alhaji, bi ni.” Ya san tagar da ake fara zuwa, da mai hoton gaggawa, da ɗan canjin da zai mayar da naira sefa. Yakan lissafa wa baƙo kuɗi da dala da jaka, ya bar shi yana ƙirga yatsu, tunda dala sefa biyar ce, jaka kuma dubu. Aikinsa na gaskiya shi ne raka mutum zuwa ƙofar da ke gabansa.

Ɗan Ɓarauniyar Hanya

Ya lura cewa gorar ba ta fi taku goma ba, iyakar kuwa ba ta da katanga, ga shi kuma a kan babur ɗin da aka yi don jeji. Sai ya zagaya ta cikin gero. Yana shiga lafiya, ya yi ta yi wa masu layi dariya, har zuwa shingen jandarma na farko a cikin ƙasa, inda ake tambayar lesefase. A nan yake gane ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago: a bakin iyaka ana mayar da mutum gida da babur ɗinsa, a cikin ƙasa kuwa babur ne ke kwana a ofis, mai shi ya nemi mota.

Mai Mantuwa

Shi ne na ƙarshe, don sai a dawowa ake ganin sa. Lesefase tana da wa'adi, kuma ana miƙa ta a mashigar fita don a rubuta cewa babur ya bar ƙasar. Haka karne ma sai an buga masa hatimin fita kafin a sako kuɗin jingina. Shi kuwa ya je suna na kwana uku, ya zarce har girbi, takardar kuma an ƙunshe masa kilishi da ita a tasha. A littafin duwan, babur ɗinsa yana can cikin ƙasar bai fito ba, ko da kuwa ga shi nan a tsakar gidansu kaji suna kwana a kansa. Ranar da ya sake zuwa bakin iyakar, littafin ne ke fara gaishe shi.