Sikelin Mahe Ba Ya Jin Lallashi

Daga tsibirin Mahe, inda babban birnin ƙasar Seshel yake, zuwa tsibirin Alfons tafiyar kilomita 400 ce a saman tekun Indiya, kuma ƙaramin jirgin da ke yin ta ba ya ɗaukar wa kowa fiye da kilo 15 na kaya, sai 'yar jakar hannu. Fasinjojinsa masu hannu da shuni ne daga Amurka da Ingila da Afirka ta Kudu, mutanen da suka zuba fiye da dala 10,000 don su yi mako guda tsaye cikin ruwa iya gwiwa, rana na dukansu, suna jifan kifi da fatsa. Babu tana a bakin ƙugiyar. Gashin tsuntsu ne da zare da 'yan idanu na ƙarfe, a ɗaure su har su yi kama da jatan lande ko ƙaguwa, su kuma su ce ƙuda ne. In kifi ya kamu a ɗauki hoto, a sake shi ya tafi. Maganar sakin kifin nan mu bar ta sai wata rana, kada ran mai karatu ya ɓaci tun ba a je ko'ina ba. Yau a bakin sikeli za mu tsaya, mu ga masu zuge jaka.

Ga Malam Kada-A-Je-A-Rasa nan a sahun gaba. Masana harkar sun ce sanda uku ta isa: mai lamba 9 don kifin bonfish, mai lamba 10 don kifin famit, mai lamba 12 don ƙaton kifin nan da suke kira GT, wanda kan haura kilo 40. Mai tsantseni ya ƙara ɗaya saboda karaya. Shi Malam takwas ya ɗauko, domin kowace sanda tana da mataimakiya, wasu mataimakan ma suna da nasu. Kwarkwaron naɗe zare shida. Rigar ruwa biyu, fitila uku, da maganin cututtukan da ba a taɓa jin labarinsu a tsibirin ba. An rubuto masa tun da wuri cewa jakar yadi ake so, mai lanƙwasuwa, saboda cikin jirgin ƙarami ne. Ya zo da akwati mai taya. Sikeli na nuna lamba sai ya fara murmushi, ya ce wa ma'aikaciyar ai ɗan abin da ya hau bai taka kara ya karya ba. Ita ko kallonsa ba ta yi. Sai ka gan shi durƙushe a tsakar fili, kaya warwatse, yana ɗaga wando ɗaya yana ajiye wani. Wanda ya taɓa ganin alhazanmu ranar awon kaya a Jidda ya san wannan durƙuson. Daga ƙarshe ya saka riga uku a jiki, ya ɗora rigar ruwa, ya cusa kwarkwaro a kowane aljihu, ya shiga jirgi da takalman shiga ruwa a ƙafa, gumi na tsiyaya ta haɓarsa. In Meziko ya nufa ma bai tsira ba, don kwastan ɗin can sanda huɗu suka yafe wa matafiyi, sauran sai da haraji.

Bayansa akwai kishiyarsa, mai awo. Wata uku kafin tafiya ya ɗauke sikelin matarsa na kicin, ya auna safa, ya auna sabulu, ya datse wutsiyar buroshin goge baki. Jakarsa kilo 14 da ɗigo 9, kuma sai ya faɗa wa duk wanda ke layi. Riga biyu ya kawo. Zuwa rana ta uku, a teburin cin abinci, kujerun da ke gefensa su ake bari babu kowa.

Maɗaurin ƙuda shi nake jin tausayi. Duk tsawon hunturun ƙasarsu yana kulle a ɗaki da 'yar fitila da almakashi, yana naɗa gashi a ƙugiya, iyalinsa suna jin motsinsa kawai. Ya ɗaura Crazy Charlie, wanda ya samo asali a tsibirin Andros na Bahamas, aka sa masa sunan jagoran masunta Charlie Smith. Ya ɗaura Gotcha, ya ɗaura Clouser, kowanne launi biyar, girma uku, mai nauyi da mara nauyi. Sannan ga wanda shi da kansa ya ƙirƙiro, ya raɗa masa sunan 'yarsa. Ranar farko, tun kafin kwale-kwale ya tashi, sai ya buɗe wa jagora akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ya ja da baya yana jiran yabo. Jagoran, yaron da rana ta gama ƙona wa hanci, ya bi layukan da ɗan yatsa, ya zaro wani babba da aka ɗaura don GT, ya kama ƙugiyar da filaya ya ɗan ja, ta miƙe. Ya mayar da ita wurinta a hankali.

"Yallaɓai, aiki ya yi kyau ƙwarai," in ji shi.

Daga nan ya cire wani tsohon ƙuda da ke maƙale a hularsa, wanda kifi ya tauna har gashinsa ya kusa ƙarewa, ya ɗaura masa a zare. Da shi za a yi makon.

Akwai kuma mai tsoron ɓatan kaya, wanda ya rantse ko allura ba zai miƙa wa kamfanin jirgi ba. Komai a hannu: sanduna a hammata, kwarkwaro a wuya, ƙugiyoyi a jakar goyo. A kowane filin jirgi sai ya yi shari'a da masu bincike, ya zaro takardar da ya buga daga intanet mai cewa an halatta, su kuma su nuna masa cewa dokar wata ƙasa ce yake karanta musu. Filayarsa ta farko tana kwandon wani filin jirgi, ta biyu tana wani. Ana yi masa dariya, amma ni ban ga wautarsa ba. Tsibirin Kirsimeti da ke ƙasar Kiribati, can tsakiyar tekun Pasifik, jirgi ɗaya ne ke zuwa daga Honolulu a mako. Wanda jakarsa ta kwana a baya, ranar da za ta iso ita ce ranar da zai tafi, su gaisa a filin jirgi.

Ɗan gayu ba ya wahalar ganewa, don har yanzu da takardar farashi a bayan hularsa. Riga ruwan bula, ƙyallen rufe fuska ruwan bula, safar hannu ruwan bula. Rabin nauyin kayansa kyamara ce da batura da ɗan jirgin ɗaukar hoto. Takalmansa ranar ya fara saka su, saboda haka kafin la'asar dugadugansa sun yi bororo, ga yashi ga ruwan gishiri. Zaren da ya kawo na kogunan ƙasar sanyi ne, zafi na taɓa shi ya yi laushi ya riƙa cukurkuɗewa. Hotunansa dai babu na biyunsu.

Wani kuma shirinsa duka a ɓoye yake yin sa. Sandar da ta kusa dala 1,000 a ofis ake kai masa ita, ya yaga rasit, ya goga wa mariƙin ƙasa kafin ya shigo da ita gida. In uwargida ta tambaya: "Wannan? Ai tsohuwa ce, kin manta ne." Ba ta manta ba.

Tsohon hannu jakarsa 'yar ƙarama ce, ta koɗe, a ciki har da gam da salatif da tabarau biyu masu kashe ƙyallin ruwa. Komai nasa daidai. Aibinsa ɗaya: ba ya iya ganin jakar wani a buɗe bai leƙa ya girgiza kai ba.

Na bar ɗan aro a ƙarshe don shi ne ya fi kowa cin ribar tafiya. Da 'yar jakar goyo yake zuwa, fuska a sake, ya wuce sikeli yana ɗaga wa ma'aikata hannu. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni; shi bai yarda da wannan magana ba, kuma har yau bai ga abin da ya sa zai yarda ba. Daren farko zai zagaya ɗakuna yana gaisuwa, idonsa na ƙirga kayan kowa. "Abokina, ko kana da ragowar man kare rana?" Gobe filaya. Jibi safa. Ba ya cewa a ba shi, sai dai "a ɗan riƙa min zuwa yamma". Kuma ikon Allah, babban GT na makon a hannunsa yake faɗawa, da sandarka, da zarenka, da ƙudan maɗaurin nan mai sunan 'yarsa, wanda jagora ya raina. Kifin ya ja zare ya bi ta kan duwatsun murjani, a yi ta fama, a kamo shi, sandar ta karye gida biyu wajen ɗagowa. Da daddare ya kawo maka guntayen a naɗe cikin tawul ɗinka, ya ce ya ji ana cewa kamfanin da ya ƙera ta yana gyarawa kyauta, sannan ya roƙi cajar wayarka zai tura hoton gida.

In tafiya ta haɗa ku, ya tambaye ka sanda mai lamba 12 guda nawa ka kawo, ka ce ɗaya.