Risala Kan Waifar da Ke Aiki Sa'ad da Ta Ga Dama

Masana harkar mota a kwarin Komadugu sun kasa waifar tsohuwar a-kori-kura gida uku. Akwai lafiyayya, wadda ake jin labarinta a bakin dattawa. Akwai matacciya, wadda hukuncinta a fili yake: a cire, a sa wata. Sai ta uku, wadda dominta aka rubuta wannan risala. Ita ce mai share gilashi daga Diffa har Geskeru, ta tsaya cak kafin a kai Barwa, sa'an nan ta farka da kanta bayan an ɗauke ruwa, ta shiga goge busasshen gilashi da himma.

Fasali na ɗaya: asalin al'amarin

A shekarar 1903 wata Ba'amurkiya, Mary Anderson, ta yi rajistar abin share gilashin da direba ke juyawa da hannu daga ciki. Bayan shekara sittin da 'yan kai, wani injiniya mai suna Robert Kearns ya ƙirƙiro waifar da ke sharewa, ta dakata, ta sake sharewa. Da kamfanoni suka ɗauki fasaharsa ya kai ƙara, kuma a 1990 Ford ya biya shi dala miliyan 10 da 'yan kai. Abin da Kearns ya ƙarar da shekarunsa a kotu saboda shi, tsofaffin Hilux da Peugeot 504 na tashar Diffa suna yin sa kyauta. Bambancin kawai shi ne ta Kearns tana faɗin lokacin da za ta dawo.

Fasali na biyu: halin ƙasa

Ruwan da ke sauka a wannan yanki bai cika wuce milimita 300 a shekara ba, kuma mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Ke nan waifa ma'aikaciya ce mai hutun wata tara, wadda ake kira bakin aiki cikin hadari ba tare da sanarwa ba. Cikin hutun nan ƙurar hunturu ta shiga gaɓoɓinta, zafin bazara ya daskarar da giris ɗinta, rana ta ƙone robarta. Ga shi bayan da aka hana hawa babur a jihar a 2015, wahalar a-kori-kura ta ƙaru: buhunan tattasai, bandar kifi, fasinja, awaki, kuma da an sauka daga kwalta sai rairayi da gargada. Duk kusar da ke da niyyar kwancewa, hanyar Bosso za ta ba ta dama.

Fasali na uku: saɓanin masana

Mazhaba ta farko ta tafi a kan cewa motar iska gare ta. Hujjarsu ita ce waifar kan tsaya a wuri guda, kusa da wata tsamiya. Mun binciki wurin, muka tarar akwai rami a gindin tsamiyar.

Mazhaba ta biyu ta duka ce. Direba ya ce wa yaron mota, "Kai, sauka ka gaishe ta." Yaro ya ce, "To, maigida," ya ɗaga bonet, ya ƙwanƙwasa injin waifa da sifana sau biyu, sai ta tashi. Waɗannan suna da rabin gaskiya. A cikin injin akwai 'yan guntayen gawayi da ke gogar abin da ke juyawa suna ba shi wuta. Idan sun cinye, sai su riƙa taɓawa suna saki, duka kuwa yana mayar da su mazauninsu na ɗan lokaci. Kuskuren mazhabar shi ne ta ɗauki bincike a matsayin magani. Waifar da ke jin duka ta riga ta faɗi ciwonta: gawayi take so.

Mazhaba ta uku ta masu awo ce, kuma zancenta ne ya rinjaya.

Fasali na huɗu: tsarin bincike

Ana farawa da kunne, domin shi ba a saye. A kashe inji, a bar makulli a buɗe, a kunna waifa. Idan ana jin gurnani amma hannuwa ba su motsa ba, wuta ba ta da laifi: ko dai kusar gindin hannun ta saki, ko robar gaɓar ƙarafan da ke ƙarƙashin gilashi ta cinye.

Idan shiru ne, sai a nufi fiyus. Ƙonannen fiyus ba ya farkawa, saboda haka abin dubawa a nan shi ne mazauninsa, ko ya buɗe, ko ya yi tsatsa. In an tarar da takardar kwalin sigari a gurbinsa, a cire ta cikin girmamawa, a sa fiyus mai lambar da aka rubuta a murfi.

Daga nan sai wayar mas, wadda ke haɗa injin waifa da ƙarfen jikin mota. Ita ce babbar wadda ake tuhuma a tsofaffin motoci. A ɗauko guntuwar waya, a ɗora baki ɗaya a jikin injin, ɗayan a kan ƙafar batir mai alamar ragi. Idan waifa ta zabura, shari'a ta ƙare: a kwance kusar, a kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure.

In ba ta zabura ba, mai wayarin ya sa ƙwan gwaji a soket ɗin injin. Ƙwai ya kama amma inji shiru, laifin inji ne. Ƙwai yana kamawa yana mutuwa idan an girgiza waya ko an taɓa makunnin da ke gefen sitiyari, laifin yana can baya. Sauri yana aiki amma a hankali ya ƙi, gawayin a hankali ne ko makunni. Tana aiki minti goma, ta tsaya, ta huce, ta dawo, to gaɓoɓi sun yi tauri, inji yana ɗaukar zafi. Giris take roƙo.

Fasali na biyar: ladabinta a gareji

An tabbatar cewa waifa ba ta taɓa yin gardama a gaban bakanike ba. Wasu sun ce kunya ce. Sahihin bayani shi ne a gareji mota tana tsaye, wayoyi a bushe, gwajin kuma minti ɗaya ne. Wanda ke son kama ta da laifi sai ya kawo mata damina: a riƙa kwara ruwa a gilashi, a bar ta tana aiki kwatan awa, a girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Fasali na shida: magungunan gargajiya

Shafa albasa ko sabulu a gilashi ya halatta ga matafiyin da ruwa ya ritsa da shi, amma amfaninsa gajere ne. Ɗaura igiya a hannun waifa, a zuro bakinta ta tagogi biyu, direba ya ja, na kusa da ƙofa ya mayar, wannan komawa ce ga koyarwar 1903, kuma tana buƙatar fasinja mai haƙuri da rigar da ba ta tsoron ruwa. Leƙo da kai ta taga ana tuƙi kuwa, masana sun haɗu a kan hana shi, saboda mutum goma sha da ke zaune a kan buhuna a baya ba a shawarce su ba.

Hukunci

Ba a fafe gora ranar tafiya. Direban da ke bin hanyar Barwa ya kunna waifarsa a watan Yuni, ya kankare mas, ya sa giris, ya sauya roba, ya aje fiyus biyu a aljihun mota. Idan kuma ta tsaya masa cikin ruwa duk da haka, ya gangara gefe ya jira. Ruwan Diffa ba ya daɗewa, tattasai kuma ba ya gudu.