Masu Kasko da Masu Danƙo

A Ingila, tun 1979, ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB takan nemi jama'a su zauna a bayan gidajensu na awa guda a ƙarshen Janairu, su ƙirga tsuntsayen da suka sauka, su aika mata da lissafi. Da za a yi wannan shela a Dutsin-Ma ranar Laraba, kasuwa na ci, tambayar farko ita ce: "In na ƙirga, nawa za a ba ni?" Amma daga Dutsin-Ma har Kurfi da wuya ka shiga gidan da babu mai hulɗa da tsuntsayen Allah, ko ta alheri ko ta gaba. Ba dai wanda ya ɗauki abin a matsayin nishaɗi.

Wadda ta fi kowa daɗewa a harkar ita ce tsohuwa mai kasko. Tukunya ta fashe, ba ta yar da gindin ba, ta girke shi a inuwar bedi, kullum bayan asuba ta ɗauraye shi ta cika da ruwa. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, kududdufai sun ƙafe, kaskon nan ya fi buhun gero daraja, domin masu cin tsaba irin su kurciya da gwara abincinsu busasshe ne, dole su sha ruwa. Ɗaurayar ma ba tsarabe-tsarabe ba ce: ruwan da ya kwana biyu a ajiye, sauro ke yi wa ƙwai. Ba ta karanta ko ɗaya a littafi ba. Ta dai san wace kurciya ke fara sauka, ta san mai ɗingishi, har faɗa take yi mata in ta makara. Jika ya ce, "Kaka, wai naki ne?" Ta ce, "Baƙina ne. Kai ɗin ma ai ba ni na kira ka ba."

Surukarta ce babbar mai ciyarwa, ba da son ranta ba. Ta surfa gero, ta wanke, ta baza a tabarma, ta leƙa madafi ta iza wuta. Kafin ta fito gwara sun yi taron suna. In aka tara abin da suka ci mata a shekara, babu attajirin unguwar da ya kai ta kyauta. Akan lallashe ta da hadisin da ya nuna cewa abin da tsuntsu ya ci daga shukar Musulmi sadaka ne gare shi. Ita kuwa so take a faɗa mata ko ladan na nan bayan ta bi su da jifan silifas.

Sai Alhaji mai sadakar biyan buƙata. Shi ba ruwansa da kurciya sai ranar da kwangila ta maƙale ko yaro zai rubuta jarrabawar JAMB, malaminsa ya ce a watsa wa tsuntsaye gero. Nan take a auno tiya guda, a watsa a kan rufi, ya ɗauko kujera ya zauna yana jira. Tsuntsun daji kuwa sabo yake bi, ba ya amsa gayyar rana ɗaya. Waɗanda ke amsawa su ne tattabarun maƙwabci, su arba'in, su share wurin tas kafin ya gama jan carbi. Mai tattabarun na leƙe ta kan katanga, yana yi wa kwangilar Alhaji addu'ar ta ƙara jinkiri. Shi wannan bai taɓa sayen hatsi don kiwonsa ba, unguwa ce ke ci da su. Kallon sama kam yana yi fiye da kowa, amma shaho kawai yake nema.

Yaro mai danƙo ya fi duk gidan sanin tsuntsaye, abin haushin ke nan. Ya san inda marai ke rataye sheƙa, ya san hazbiya ta fi son tsaunukan da suka ba garin suna, yana bambance kukan kanari da na sauran ƙananan tsuntsaye ido a rufe. Ilimin nan duka a tukunya yake ƙarewa, ko a kejin kara da zai kai kasuwa. Shi ne ke tayin taya Kaka cika kasko, ita kuma ta san dalili, shi ya sa sandarta ba ta nisa.

Akwai dattijon da ya mai da tsuntsaye jarida. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Shi ba zai taɓa irin shuka ba sai ya ga shamuwa ta sauka a tsamiyar ƙofar gida. Kuma yana da hujja. Shamuwa takan yi rani a kudancin Afirka, ta biyo ruwa zuwa arewa wajen Afrilu da Mayu, ta yi sheƙa a cikin gari kusa da mutane, tana cin fara da tsutsa. Saboda haka ko mai danƙo bai isa ya ɗaga mata hannu ba. Inda dattijon ke kauce hanya shi ne kan mujiya. Ta kwana tana kama masa ɓerayen rumbu, gari ya waye ya sa a rushe mata maɓoya, wai ta yi kukan mutuwa a kan ɗakinsa.

Kada a kuskura a yi zancen ciyar da tsuntsaye gaban manomin da ke noma a bakin madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa. Shi jan-baki ya sani. Kowanne nauyinsa wajen giram 20 ne kawai, amma an ƙiyasta yawansu a Afirka ya kai biliyan ɗaya da rabi, ba tsuntsun daji da ya kai su yawa a duniya, har jirgin sama gwamnati kan tura ya yi musu feshi a wasu jihohin Arewa. Ya wuni yana jan igiya mai gwangwanaye, murya ta dushe, ya dawo gida ya tarar da mahaifiyarsa na watsa tsaki a tsakar gida. Ba ya iya cewa komai. Sai dai ya ce, "Inna, sannu da aiki," da wata irin murya.

Sabon shiga shi ne ɗan boko, irin da ya ƙaru tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011. Yana da madubin hangen nesa da littafi mai hotuna, ya ji labarin cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos, yana tura musu abin da ya gani ta waya don taswirar tsuntsayen Najeriya. Wahalarsa biyu. Ta farko, a yankin da 'yan bindiga suka hana mutane barci, wanda ya tsaya yana hange-hange yana rubutu sai ya yi wa 'yan sintiri dogon bayani kafin su yarda ba infoma ba ne. Ta biyu, tsakar gida ba ta shiguwa ga baƙo namiji, alhali nan tsuntsayen suke. Sai ya tsaya a zaure, ya aika yaro mai danƙo da littafin, Kaka ta duba hoto ta aiko da suna, ta haɗa da gyara: wannan ba ya zuwa sai da kaka, wancan kuma ya daina zuwa tun da aka sare kukar bayan gida.

Shafi ɗaya ne ke sa ta riƙe littafin ya daɗe, shafin ungulu. A da kowace mahauta cike take da su, har sai an kora. A 2015 aka sa irin wadda aka saba gani a garuruwanmu cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma masu sayen kanta da ƙafafunta don tsibbu. Kaka ta aiko a tambayi ɗan boko ina suka tafi. Yaron da ya kawo saƙon, mai sanin sheƙar kowa, ya ƙara da tasa tambayar: wai girmanta ya kai na talotalo?